Don mi matuƙin helikwafta ya ƙi tashi da dare a ɗauko yayana?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a. Ina da tambaya da ta daɗe tana ci mani rai, don Allah wanda ya san harkar jirgin sama ya warware mani ita, ba mai hasashe ba.

Yayana yana aiki wajen wani kamfani can arewa cikin sahara, ba sai na faɗi sunan wurin ba. Cikin watan Fabrairu da ya wuce ƙarfe ya faɗo mashi a ƙafa wajen la'asar sakaliya, ƙashi ya karye gida biyu, aka kira jirgi mai saukar ungulu da kamfanin ke haya don irin haka, matuƙin ya ce shi ba ya tashi sai gari ya waye, wai akwai hazo kuma dare zai riske shi a hanya. Haka bawan Allah ya kwana yana murƙususu da 'yar allurar da ma'aikacin jinyarsu ya yi mashi, sai wajen tara na safe aka zo aka ɗauke shi. Alhamdulillahi ba a yanke ƙafar ba amma har yau da sanda yake tafiya. Innarmu in ta tuna sai ta ce Allah ya isa tsakaninta da matuƙin nan, ta ce da darektan ne ya karye da ko tsakar dare ne sun tashi.

Mun yi gardamar nan a fada har shayi ya huce. Ni kabu-kabu nike yi, ina fita da dare cikin ruwa cikin ƙura daga Bagalam har Tibiri da 'yar fitilar moto kawai. To jirgin da ke da fitila mai ƙarfi, ga GPS, ga na'urori na miliyoyi, kuma sama babu rami babu jaki babu amalanke, mi zai buge? Tsoro ne, ko raini ne don talaka ne ya ji ciwo, ko da gaske akwai wani abu da ban sani ba?

Tsohon Meteyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba yayanka lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ba matuƙi ba ne, aikin duba yanayi na yi a filin jirgi har na yi ritaya, mu ne masu miƙa wa matuƙa takardar nan da ke gaya masu iska daga ina take da kuma nisan da ido ke iya gani, don haka na zauna da su da yawa, na ji hirarsu in hankalinsu ya kwanta.

Ka ce mi zai buge. Ƙasa zai buge, ɗana. Ita ce babbar abokiyar gabarshi, kuma ba ta matsawa.

Kai a bisa moto ko fitilarka ta mutu tayarka na taɓa ƙasa, jikinka ya san ina ne ƙasa ina ne sama. Wanda ke cikin iska ba shi da wannan. Abin da ke gaya wa matuƙi cewa jirginshi na tsaye daidai shi ne idonshi, yana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa. To ka ɗauko dare marar wata, ka ɗora hazon hunturu irin na Janairu da Fabrairu wanda ko da rana tsaka kana tsaye bakin Gulbi ba ka hango ƙetare sosai, sannan ka kai shi sahara inda babu gari babu fitila ko ɗaya a ƙasa. Sama baƙa, ƙasa baƙa. Kamar an jefa mutum cikin tulu an rufe.

In ido ya daina aiki sai jiki ya koma dogaro da kunne. Cikin kunnen kowane mutum akwai 'yan ƙananan bututu uku masu ruwa a ciki, motsin ruwan ne ke sa ka ji ka juya ko ka karkata. Matsalar ita ce in jirgi ya fara karkata a hankali ruwan ba ya ji, in kuma aka daɗe ana kwana ɗaya, kamar sakan 20, ruwan ya kan lafa ya ce maka kun miƙe alhali kuna nan kuna juyawa. Da matuƙi ya gyara jirgin ya miƙe da gaske, sai kunnen ya ce a'a yanzu ka karkata ɗaya gefen, sai ya mayar da shi cikin kwanar da hannunshi. Jirgi na zagaye yana nitsewa, shi ko yana rantsuwa daidai yake tafiya. Ka tuna wasan hajijiya da kuke yi kuna yara, ka tsaya amma gidanku na ta yawo? Shi ne dai, sai dai wannan a mita ɗari biyu sama da ƙasa ake yin shi.

In kana son ka gani da kanka je wajen mai aski da ke da kujera mai juyawa, ka zauna a ɗaure maka ido da rawani, ka ɗaga ƙafa, wani ya riƙa juya ka a hankali ba tsayawa. Jim kaɗan za ka ce an tsaya. In an tsaya da gaske za ka ce an juya ka ɗaya gefen. Irin wannan kujera ake zaunar da masu koyon tuƙi don su yarda jikinsu na iya yi masu ƙarya.

Na'urori kuma da ka ambata, e akwai agogon da ke nuna karkatar jirgi da na tsawo da na gudu. Amma tuƙi da agogo kaɗai wani karatu ne daban da takardarshi daban, kuma ba kowane helikwafta aka ƙera ko aka ba izinin yin haka ba, da yawan na haya tuƙin ido kawai aka yarje masu. GPS wurin da kake yake gaya maka, ba ya gaya maka kanka na ƙasa ƙafarka na sama. Sannan helikwafta ba kamar babban jirgin da ke kai alhazai Jidda ba ne, wanda zai haye can bisa gajimare ya miƙe. Shi ƙasa ƙasa yake bi, kuma halittarshi ba mai zama wuri ɗaya ba ce, in babu na'ura mai riƙe shi ka saki hannu na 'yan sakan ya fara kaucewa. Wata ƙungiyar masu hana haɗarin helikwafta a Amurka ta bi haɗurran da suka faru ta yi lissafi, ta ce matuƙin ido da ya faɗa cikin gajimare ba shiri kamar sakan 56 ke rage mashi. Ko minti guda bai cika ba.

Kobe Bryant ɗan ƙwallon kwando, 26 ga Janairun 2020, da safe ne ma ba dare ba, hazo ne kawai bisa tuddan Kalifoniya. Matuƙinshi gwani ne da ya daɗe yana ɗaukarshi. Maganarshi ta ƙarshe da masu kula da zirga-zirgar sama ya ce yana hawa sama ne ya fita daga gajimaren, alhali a daidai lokacin jirgin gangarawa yake yi da gudu. Ba ƙarya ya yi ba, abin da jikinshi ya gaya mashi ya faɗa. Mutum 9 suka tafi har da 'yar Kobe ɗin.

Na Tibiri ya rubuta:

Baba tsoho mun ji bayaninka amma wallahi ni wagga magana ta "mummunan yanayi" ta ishe ni, duk babban mutumin da anka so kawar wa sai a ce hazo. Shugaban Iran Ra'isi fa, jirage ukku sunka taso tare biyu sunka isa lahiya nashi kaɗai hazo ya gani? John Garang sati ukku da rantsad da shi mataimakin shugaban Sudan sai hadari ya san da shi? Mu 'yan Nijar ba a ba mu labarin abin da ka faruwa kusa da helikwafta, shugaba Ba'are ma a 1999 yana shirin shiga cikinshi ne a Yamai abin da ya faru ya faru, aka fito radiyo aka ce hatsari ne. Ɗan Bagalam ni ina bayan inna, talaka ne shi ya sa.

Shofer Dakoro ya rubuta:

Na Tibiri kai dai ba ka taɓa shiga holoƙo da dare ba shi ya sa. Ni shekara 14 ina hanyar Maradi Dakoro da ta Tasawa, farkon damina wajen watan shida in jar ƙurar nan ta taso daga gabas kamar bango, wallahi bonet ɗin motarka ba ka gani, in ka kunna babbar fitila ma abin ƙaruwa yake don hasken dawo maka yake cikin ido kamar ka haska garin tuwo. Sau ɗaya bayan Kornaka na taka birki na tsaya cik amma na rantse motar baya take yi, har na sake danna birki da ƙarfi fasinja na salati, ashe ƙurar ce ke gudu gaba. Mu dai muna da gefen hanya, ka faka ka kashe mota ka jira ta wuce. Shi na sama ina zai faka?

Amma Baba ina da tawa tambayar, ba ance sojoji na da tabarau da ke gani da dare ba? Muna jin nasu na wucewa bisa gari da dare wani lokaci. Mi ya hana na kamfani ya sa?

Tsohon Meteyo ya rubuta:

Shofer abin da ya same ka bayan Kornaka shi ne ainihin abin da ke kashe su wajen sauka, ka ma fi ni iya bayaninshi. Helikwafta in ya kusa ƙasa iskar farfelarshi ke tono rairayi ta lulluɓe shi, shi da kanshi yake haɗa holoƙon da zai makantar da shi. Matuƙi ya ga ƙura na gudu sai ya ɗauka jirgin ne ke zamewa, ya gyara abin da bai ɓaci ba, ƙafa ɗaya ta taɓa ƙasa a karkace, jirgi ya kife. Haka ta faru da Osinbajo yana mataimakin shugaban Najeriya, 2 ga Fabrairun 2019 a Kabba ta jihar Kogi, da rana ido na ganin ido, ƙurar saukarsu ta rufe su jirgin ya kwanta a gefenshi. Allah ya yi da sauran kwana duk suka fito. To ka mayar da wannan dare, a sansanin ma'aikata cikin yashi.

Tabaran dare kuma gaskiya ne akwai, amma ba ya ƙirƙiro haske, ɗan hasken wata da taurari yake tattarawa ya ƙara mashi ƙarfi. In gajimare ko ƙura sun rufe taurarin, abin da zai ƙara ya ƙare. Ganinshi ma ƙunci gare shi, kamar digiri 40, kamar mai leƙe ta bututu, sai ka yi ta juya wuya, kuma nisa da kusa na rikicewa. Wayar wuta ba ta fitowa a ciki sosai. Ka dubi manyan wayoyin da suka taho daga Katsina ta Gazawa, da eriyoyin salula da suka cika garuruwanmu, ba kowace ce jar fitilarta ke aiki ba, duk tarko ne ga mai bin ƙasa ƙasa. Sojoji na tashi da dare don aikinsu ya ce su karɓi haɗarin, kuma suna biyan kuɗinshi. Ba siyasa nike ba, misali nike kawowa: 25 ga Nuwamban 2019 a yankin Menaka na Mali helikwafta biyu na sojan Faransa suka yi karo da juna cikin dare marar wata, sojoji 13 suka mutu, ga horo ga kayan aiki na zamani. Amurka ma a Afrilun 1980, zamanin Carter, ta aika helikwafta 8 da dare su ceto mutanenta da ake tsare da su a Tehran, suka faɗa cikin ƙurar hamadar Iran, wani ya juya wani ya lalace, aka fasa aikin, wajen komawa ɗaya ya tashi cikin ƙura ya afka wa jirgin dakon mai da ke ƙasa, mutum 8 suka ƙone. Ko harsashi ɗaya abokan gaba ba su harba masu ba.

Hadarin damina ban ma taɓo shi ba. Cikin baƙin gajimaren nan mai tsawa akwai iska mai hawa da mai saukowa, mai saukowar in ta danno jirgi ƙasa wani lokaci ta fi ƙarfin injinshi. Da rana ka hango shi daga nesa ka kauce, da dare sai walƙiya ta nuna maka shi, ita ma walƙiyar ta kashe maka ido, alhali ido na son kamar minti 30 kafin ya saba da duhu sosai.

Na Tibiri, ƙanena, na Ba'are Allah ya jiƙanshi bindiga ce, kowa ya sani, kuma a ƙasa yake, kada mu haɗa shi da wannan. Na Ra'isi, 19 ga Mayun 2024, tsohon jirgi ne ƙirar Bell 212 cikin duwatsu da hazo mai kauri, hazon da ya sa masu ceto suka kwana suna lalube ba su iske tarkacen ba sai washegari. Kuma hazon dutse ba bargo ɗaya ba ne, na gabanka ya wuce ta rami kai ka zo minti guda baya ka iske ramin ya rufe. Garang kuma daga wajen Museveni ya taso a jirgin fadar shugaban Uganda, 30 ga Yulin 2005, yamma ta yi yanayi ya ɓaci, ga duwatsu a iyakar. Ban hana ka zarginka ba, duniya ce, amma hazo ba ya bukatar a ba shi kwangila.

Maganar "da darekta ne da sun tashi" ita ce na fi so in tsaya a kai, don akwai gaskiya a cikinta amma ba ta inda inna ke zato ba. E, don babban mutum an fi tashi, shi ya sa sunayen da muke ta lissafawa duk na manya ne. Matuƙi na jin nauyin ya ce wa mai gida a'a, ga taro na jira, ga kuɗin haya an biya, ga tsoron a ce wani ya fi shi jarumta a ba shi aikin. Herbert Wigwe na bankin Access, duk ɗan kasuwar Maradi da ke hulɗa da Kano ya san bankin, mi ya rasa a duniya? 9 ga Fabrairun 2024 wajen tara saura kwata na dare aka ɗauke shi da helikwafta daga Palm Springs ta Amurka za a kai shi kusa da Las Vegas, bisa hamada, ruwa haɗe da ƙanƙara na zuba, na'urar da ke auna tsakanin jirgi da ƙasa ba ta aiki kuma an san da haka tun kafin a tashi. Matuƙa biyu ne a ciki. Shi da matarshi da ɗanshi da abokinshi da matuƙan, su 6, babu wanda ya fita. Hukumar binciken Amurka ta ce matuƙin ya ci gaba da tuƙin ido cikin yanayin da ido ba ya aiki har kanshi ya juye, ta kuma ɗora wa kamfanin laifin sakaci. Da ya samu mai taurin kai irin wanda ya ƙi ɗauko yayanka, da ya kwana otal yana faɗa.

Maman Iklima ta rubuta:

Ni ma'aikaciyar jinya ce nan Maradi, abu ɗaya kawai zan ƙara. Karaya in an tsayar da jini an ɗaure ƙafa an ba da maganin ciwo, sau da yawa tana iya jiran safiya, wahala ce amma ba ita ce mutuwa ba, kuma na tabbata sai da aka tambayi mai jinyar wurin halin da yake ciki kafin a yanke shawara. In da wanda za a yi wa faɗa to kamfanin ne, da ya ajiye mutane cikin sahara babu wata dabara ta biyu in jirgi bai tashi ba. Amma ƙanena kada ka je ka ce wa inna ba ta da gaskiya, uwa ce, ɗanta ya kwana yana kuka ba ta kusa. Ka bi ta a hankali.

Na Tibiri ya rubuta:

Na Wigwe kam ban san haka ta kasance ba. Amma na Garang ina nan kan bakana.

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Na gode Baba, na gode Shofer da Anti. Jiya bayan isha'i mun tafi mu huɗu wajen mai askinmu a Sabon Gari muka gwada kujerar, ni aka fara ɗaure wa ido, wallahi na ce masu ku ci gaba mana don mi kuka tsaya, ashe juya ni ake ta yi, da aka tsaya kuma na riƙe hannun kujera ina cewa kun koma hagu, yara na ta dariya har mai askin ya ce mu biya kuɗin kujera tunda ba aski muka zo ba.

Na karanta wa yaya duka. Ya yi shiru can ya ce shi ma ya tuna daren, fitilar janareto da ke bakin ɗakin jinya ba a ganinta daga inda aka kwantar da shi, kuma da safe da matuƙin ya zo sai da ya zagaya sau biyu kafin ya sauka, da suka tashi kuma ya juyo ya ce mashi wani abu da turanci bai gane ba sai dai ya ga idon mutumin ja kamar bai yi barci ba. Inna ban gaya mata ba tukuna, na bar wa yaya, shi ta fi ji.